Kuɗin Kwalliyarki a Hannun Wa Yake Sauka? Jagorar Mara wa Kamfanonin Baƙaƙen Fata Baya a Amurka

A watan Yulin 2025, Diarrha N'Diaye-Mbaye ta sanar cewa za ta rufe kamfaninta na kayan kwalliya, Ami Colé. 'Yar asalin Senegal ce da ta tashi a unguwar Harlem ta birnin New York. Mahaifiyarta makitsiya ce mai shago a unguwar, kuma sunanta aka sa wa kamfanin. Ta fara fitar da kaya a 2021, ta tara jarin da ya haura dala miliyan 3, kayanta suka shiga ɗaruruwan shagunan Sephora, babban kantin kayan kwalliya, man leɓenta ya yi farin jinin da kowace mai kamfani ke addu'ar samu. Duk da haka, shekara huɗu kawai aka yi aka naɗe tabarma.

Wanda yake son gane dalili sai ya koma 2020. Bayan ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, Amurka ta ɗauki zafi, manyan kamfanoni suka yi ta rige-rigen alƙawari. Aurora James ta ƙaddamar da Fifteen Percent Pledge, tana neman manyan kantuna su ware kashi 15 cikin 100 na kantocinsu ga kayan baƙaƙen fata, daidai da kimanin yawansu a ƙasar, kuma Sephora ce babbar farko da ta sa hannu. Sharon Chuter, haifaffiyar Najeriya da ta kafa Uoma Beauty, ta ƙalubalanci kamfanoni su fito cikin awa 72 su faɗi yawan baƙaƙen fatar da ke ofisoshinsu da kujerun shugabanci. Masu saye suka yi dafifi, kaya suka ƙare a ɗakunan ajiya. Amma wutar kara ce. Kafin shekara uku masu zuba jari sun juya baya, masu saye da yawa sun koma inda suka saba, aka bar masu ƙananan kamfanoni da kayan da suka ci bashi suka tara.

Abin da nake son faɗi a wannan jagora ɗaya ne: sayen tausayi na rana ɗaya ba ya riƙe kamfani. Abin da ke riƙe shi shi ne mace ta san wane ne mai kayan, ta saya, ya ƙare, ta dawo ta sake saya, a shekarar da babu zanga-zanga kuma babu mai kallo.

Me ya haɗa mu da wannan magana?

Bahaushiyar da ke Bronx ko Greensboro ko Houston baƙar fata ce a idon ɗan sanda da mai gidan haya, babu tantama. Amma tarihinmu da na jikokin bayi ba ɗaya ba ne, kuma adalci ne mu faɗi haka. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofar Amurka sosai, ta biyo bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 ne, ita kuwa da jini da ɗauri da duka aka same ta. Mun tarar da hanya an riga an share. Saboda haka mu 'yan gida ne ta wani ɓangare, ta wani ɓangaren kuma masu mara baya ne da ake bin mu bashi.

Sana'ar gyaran gashi tana tsakiyar wancan tarihi. Madam C.J. Walker, wadda aka haifa a 1867 ga iyayen da suka yi bauta, da man gashi ta yi arziki, ta kafa masana'anta a Indianapolis, ta horar da dubban mata suka sami abin dogaro, kuma a 1919 ta ba ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙaƙe dala 5,000 don yaƙi da kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe. A shekarun gwagwarmaya, mai shagon gashi tana cikin 'yan kalilan ɗin da Bature ba ya iya kora daga aiki, domin kwastomominta 'yan'uwanta ne. Shi ya sa Bernice Robinson, mai gyaran gashi, ta zama malama ta farko a makarantar da aka buɗe a tsibirin Johns na Karolina ta Kudu a 1957 don koya wa manya karatu su iya yin rajistar zaɓe.

Yau kuma ga yadda lissafin yake. Rahoton kamfanin McKinsey na 2022 ya nuna baƙaƙen Amurka sun kashe dala biliyan 6.6 a kayan kwalliya a 2021, wato kashi 11.1 cikin 100 na kasuwar. Amma kamfanonin baƙaƙe kashi 2.5 kacal suke samu na kuɗin shigar masana'antar. Kuɗi na fita daga aljihun al'umma, kaɗan ne ke dawowa.

Mataki na farko: juya kwalbar ki karanta bayanta

Nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke zamewa, don haka zan daɗe a kai.

Ɗauki robar man gashin da ke kan madubinki. A gaba za ki ga hoton mace mai cikar gashi, wataƙila da taswirar Afirka ko hoton ƙwallon kaɗanya, launin robar ruwan ƙasa ko ruwan goro. Duk wannan aikin masu talla ne. Juya ta. Can ƙasa, ƙarƙashin jerin sinadarai, kusa da layukan da na'urar kanti ke karantawa, akwai ƙananan haruffa da ke faɗin kamfanin da ya yi kayan ko ya rarraba su, da garin da yake. Wannan layin ne ke gaya miki inda ribar take kwana.

Kayan da ake tallata wa baƙaƙe kashi uku ne.

Akwai waɗanda ba na baƙaƙe ba ne, mu ake sayar wa kawai. Cantu na kamfanin PDC Brands ne. Dark and Lovely, wanda babu kasuwar Afirka ta Yamma da ba a san shi ba, na L'Oréal ne na Faransa. African Pride yana ƙarƙashin Godrej na Indiya tun 2016.

Akwai waɗanda baƙar fata ya kafa, daga baya ya sayar. SheaMoisture ya taso ne daga Richelieu Dennis, haifaffen Laberiya, da mahaifiyarsa da abokinsa, suna sayar da sabulu da man kaɗanya a kan tebur a titunan Harlem a farkon shekarun 1990. Unilever ya saye shi a 2017. Mielle, wanda Monique Rodriguez ta kafa a 2014, ya koma hannun Procter & Gamble a farkon 2023.

Sai kuma waɗanda har yanzu suna hannun masu su. A ƙa'idar hukumomin da ke tantancewa a Amurka, sai baƙar fata ya mallaki aƙalla kashi 51 cikin 100 kuma shi ke tafiyar da harka kafin a kira kamfani nasa.

Hanyar bincike ba ta da wuya. Shiga shafin kamfanin ki duba inda suke ba da tarihinsu: in na baƙar fata ne, galibi za ki ga suna da fuska. Sannan rubuta sunan kamfanin a Google tare da tambayar wa ya mallake shi ko wa ya saye shi, ki duba labaran kwanan nan, kada ki tsaya a jerin sunayen da aka yi ta yaɗawa a 2020, domin da yawa sun sauya hannu ko sun rufe. Akwai kundin ByBlack na ƙungiyar U.S. Black Chambers, wanda ke tantance mallaka, da kundin da Fifteen Percent Pledge ke riƙewa. Shagon unguwa kuwa, taswirar Google tana ba masu shi damar sa alamar cewa na baƙar fata ne tun 2020.

Ra'ayina a kan waɗanda suka sayar: ban ga dalilin zaginsu ba. Duk lokacin da aka sayar da irin wannan kamfani, intanet kan cika da zargin cin amana, kuma na fahimci zafin, domin mata ne suka raini kayan da kuɗinsu lokacin da babu mai kula su. Amma Bature yakan gina kamfani ya sayar a tafa masa, kuma kuɗin sayarwa su ne ke zama jarin na baya. Dennis ya yi amfani da cinikin Unilever wajen kafa asusun New Voices don zuba jari a kamfanonin mata baƙaƙe, ya kuma sayi mujallar Essence ya dawo da ita hannun baƙar fata. Abin da nake cewa kawai shi ne ki san bambanci. In man SheaMoisture ne ke karɓar gashinki, ci gaba da abinki, amma kada ki lissafa shi cikin taimakon ƙaramar 'yar kasuwa. Haka Fenty Beauty na Rihanna, wanda ya girgiza kasuwa a 2017 da hoda kala 40: da haɗin gwiwar katafaren kamfanin LVMH na Faransa aka kafa shi, ba ya cikin masu neman agaji.

Mataki na biyu: sauya abu ɗaya, ki zauna a kai

Ba ƙarin kashe kuɗi ake nema daga gare ki ba. Rubuta abin da kike saye dama: sabulun wanka, man shafawa, shamfu, man kitso, jambaki, hoda, gazal, turare. Maigida ma ya rubuta nasa, man gemu da kayan aski. Duba wanda ya fi saurin ƙarewa, shi za ki fara sauyawa, domin shi ne zai riƙa mayar da ke wurin mai kaya duk bayan wata ɗaya ko biyu. Ki ba sabon abu makonni ya nuna kansa. In bai karɓe ki ba, gwada na wata baƙar fatar, kada ki ce an gwada na baƙaƙe bai yi ba. Babu wanda ke yanke wa dukan kamfanonin Turawa hukunci saboda shamfu ɗaya ya busar masa da gashi.

Dalilin da ya sa maimaicin saye ya fi komai shi ne yadda manyan kantuna ke aiki. Shiga Sephora ko Ulta ko Target farkon wahala ne. Kanti yana ƙirga guda nawa ake sayarwa a kowane reshe a mako. Lokaci-lokaci ana sake jera kantoci, kuma duk abin da bai motsa ba a sauke shi. Mai ƙaramin kamfani ita ke biyan kuɗin yin kaya tun kafin a saya, sau da yawa ita ke ɗaukar nauyin samfurin gwaji da talla, sannan ta jira wata ɗaya ko biyu ko uku kafin kanti ya biya ta. Tana gogayya da kamfanonin da ke iya kashe miliyoyi a talla ba su ji ba. Rahoton McKinsey ɗin ya nuna matsakaicin jarin da kamfanin kwalliya na baƙar fata ke samu daga masu zuba jari dala miliyan 13 ne, na sauran kuwa miliyan 20. Mafi yawa ko kusa da wannan ba su gani ba, domin abin da baƙaƙen masu kafa kamfani ke samu cikin irin wannan jari a Amurka ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Wannan ne kuma amsar ƙorafin tsada. Wadda ke buga roba dubu biyar ba za ta sami farashin mai buga miliyan biyar ba, daga kan robar har sinadarin. In kina da hali, saya a cikakken farashi ko da sau ɗaya cikin biyu. In babu hali, jira ragi ba laifi ba ne.

Mu Hausawa muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba, wato lefe. Akwatin kayan shafa shi kaɗai yakan lashe kuɗin da mace ba ta kashewa a shekara. In ke ce aka damƙa wa haɗa lefen ƙane ko ɗa, ko aka aiko miki daga gida a sayo kayan kwalliya daga Amurka, ke ce mai zaɓi. Haka tsarabar tafiya gida, da kayan rabo na biki da suna, da kyautar Sallah. Amarya ta ji daɗin hodar da ta dace da fatarta, ƙawayenta goma za su tambayi sunanta.

Mataki na uku: inda kika saya yana da tasiri

In kika saya kai tsaye daga shafin kamfani, ribar da ke shiga hannun mai shi ta fi yawa, domin babban kanti yakan ɗauki kusan rabin farashi, wani lokaci fiye. Kuma tana samun adireshinki ta sanar da ke sabon kaya ba sai ta biya kuɗin talla ba. In kika saya a kanti, kina kare mata gurbinta a kan kanta. Kowanne da amfaninsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambaya, domin da yawa daga cikinsu suna faɗa a shafukansu inda suka fi buƙatar a saya a wannan lokacin, musamman makonnin farko da aka sa kayansu a sabon kanti.

Rikicin Target ya nuna yadda abin ke da sarƙaƙiya. A 2021 kamfanin ya yi alƙawarin kashe sama da dala biliyan 2 wajen kamfanonin baƙaƙe kafin ƙarshen 2025. A watan Janairun 2025 ya sanar da janye shirye-shiryensa na daidaito tsakanin mutane masu bambancin launin fata da jinsi, sai aka kira ƙauracewa, har Fasto Jamal Bryant ya jagoranci kwana 40 na ƙin shiga kantin. A gefe guda, masu kaya a kantocin Target irin su Tabitha Brown suka yi gargaɗin cewa in ciniki ya faɗi, kayan baƙaƙe ne za a fara saukewa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Ni dai ina ganin wadda ta zaɓi ƙauracewa tana da wani aiki na biyu da ya hau kanta: ta rubuta sunayen kayan baƙaƙen da take saye a can, kamar jambakin The Lip Bar na Melissa Butler, ta bi su shafukansu ta ci gaba da saye. In ba haka ba, hukuncin ya sauka a kan wadda ba ta yi laifi ba.

A Amazon, duba wanda ke sayarwa, domin 'yan kayi-nayi da masu jabu suna da yawa. Shagunan sayar da gashin kanti da kayan kitso na unguwannin baƙaƙe kuwa, akasarinsu suna hannun 'yan asalin Koriya, waɗanda suka daɗe da riƙe harkar sari. In akwai na baƙar fata a garinku, ki je, ki kuma yi haƙuri in kayanta ba su kai na maƙwabcinta yawa ba, sau da yawa samun sari ne ke yi mata wuya. Wannan ba izini ba ne na ƙin wata ƙabila ko wulaƙanta ta. Mai neman adalci ba ya gina shi a kan wata wariyar.

Mataki na huɗu: makitsiya da wanzami

Ba duk harkar kwalliya ce ke cikin kwalba ba. A titi na 125 a Harlem, mata 'yan Senegal da Mali da Gini da Kodebuwa suna tsayawa bakin tashar jirgin ƙasa da katin shago a hannu, suna kiran masu wucewa. Wadda ta samu kwastoma za ta tsaya a kanta awa shida ko takwas, tana tsaga da tsinken mataji, tana ɗebo gashin kanti daga kafaɗarta, yatsu ba hutu, abincin rana yana gefe ya huce. Daga kuɗin da za a ba ta za a cire na kujera ko kason mai shago. Sannan sai a ga 'yar'uwarta ta zo tana tayi kamar a kasuwar Kurmi.

Mun saba da ciniki, ba aibi ba ne. Amma raba kuɗin da awannin da aka yi kafin ki nemi ragi. Ki zo a kan lokaci, da gashi a wanke a taje in haka aka ce. In ba za ki zo ba, sanar tun da wuri, kuma kada ki yi rigima a kan kuɗin kama layi. Tukuici a Amurka ba alfarma ba ne, ana ba da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a shagon Bature ba tare da musu ba, to shagon 'yar'uwa bai kamata ya zama wurin mantuwa ba.

Akwai kuma doka. Shekaru da yawa jihohi suna tilasta wa makitsa lasisin gyaran gashi mai buƙatar karatun awa 1,000 ko fiye, a makarantun da galibi ba sa koyar da kitso ko kaɗan. A 1997 an kama Isis Brantley a Dallas saboda tana kitso babu wannan lasisin. Ta yi ta fafatawa har jihar Teksas ta cire sharaɗin a 2015. Jihohi da yawa sun bi sahu, wasu har yanzu. Binciki yadda jiharku take, in ana muhawara a majalisa, wasiƙarki ko kiran wayarki yana da nauyi, musamman ga makitsan da Turanci ko takardu ba su ba su damar fitowa su yi magana ba.

Mataki na biyar: bakinki

Wannan kyauta ne kuma minti biyar ya isa. Rubuta sharhi a shafin kamfani da na kantin da kika saya, da hoto in za ki iya. Faɗi irin gashinki da launin fatarki da yadda kika yi amfani da abin, domin mai saye ta gaba wannan take nema. In kin shiga kanti ba ki ga kayan ba, tambayi manaja da sunansu. In kin ga kayan gashin baƙaƙe kaɗai aka kulle cikin gilashi, na sauran a buɗe, yi magana. Walmart ya daina wannan ɗabi'a a watan Yunin 2020 ne saboda mutane sun ƙi yin shiru.

In an yi miki ba daidai ba, fara da saƙo a asirce ki ba da kwana biyu ko uku. Wataƙila mutum uku ne duka ma'aikatan. In aka yi biris da ke, kina da haƙƙin faɗin gaskiya a fili. Mara baya ba ya nufin karɓar kaya marasa kyau, kuma yabon ƙarya raini ne.

In kina da abokan aiki ko maƙwabta da ba baƙaƙe ba masu tambayar ko ya halatta su sayi waɗannan kaya, amsar ita ce e, da hannu biyu. Jambaki da sabulu da man shafawa ba su san launi ba, kuma kamfanin da baƙaƙe kaɗai ke saya ba zai girma ba. Abin kiyayewa shi ne abin da ya faru da man Mielle na rosemary a ƙarshen 2022, lokacin da wata Baturiya mai miliyoyin mabiya a TikTok ta yabe shi, ya ƙare a kantuna, matan da suka dogara da shi shekaru suka rasa, wasu sababbin masu saye kuma suka yi ta ƙorafin ya yi wa gashinsu nauyi. Wanda ya sayi abin da aka yi don wani irin gashi, ya faɗi haka a sharhinsa, kada ya rage wa kayan daraja.

Mataki na shida: bi man kaɗanya har gindin bishiya

Nan maganar ta iso gida. Man kaɗanyar da ke cikin rabin waɗannan robobi daga yankinmu yake fitowa: arewacin Gana, Burkina Faso, Mali, Benin, Togo, da jihohi irin su Neja da Kwara da Kebbi. Ƙungiyar Global Shea Alliance da ke Accra ta ƙiyasta mata miliyan 16 ne ke wannan aiki. Su ke fita da asuba a farkon damina su tsinto 'ya'yan cikin ciyawa da haɗarin maciji, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da hannu har mai ya taso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida a Agustan 2025, hujjarta ita ce ƙasar na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya amma abin da take samu a kasuwar bai kai kashi 1 ba.

Don haka kasancewar mai kamfani baƙar fata bai rufe tambaya ba. Tambayi daga ina man yake, wace ƙungiyar mata, kuma nawa ake biyansu. Akwai masu amsawa dalla-dalla. Hanahana Beauty na Abena Boamah-Acheampong yana saye daga ƙungiyar matan Katariga a Tamale kuma yana bayyana yadda yake biya. Alaffia, wanda Olowo-n'djo Tchala ɗan Togo ya kafa, a kan ƙungiyoyin mata na ƙasarsa aka gina shi. Wanda ya amsa miki da hoton mata suna murmushi babu sunan gari babu farashi, bai amsa ba.

Sai maganar da ba ma son ji. Ba zai yiwu mace ta ce tana goyon bayan martabar baƙar fata a Amurka ba, alhali akwatin lefen da ta haɗa cike yake da man bilicin. Tunanin da ya sa aka yi shekaru babu hodar da ta dace da mace mai duhun fata a kantunan Amurka, shi ne dai ke sa 'yan matanmu shafa sinadarin da ke cinye fata. Ko mai haɗa man baƙar fata ce, in abin da take sayarwa hasken fata ne, ba ta cikin waɗanda wannan jagora ke nufi. Karanta jerin sinadarai a kan kowane kaya, na kowa ne. A Amurka an hana sayar da hydroquinone ba da takardar likita ba tun 2020, kuma man da babu jerin sinadarai a jikinsa, ajiye shi.

Mataki na bakwai: abin da saye ba ya gyarawa

Akwai abubuwan da sai doka. Kalifoniya ce ta fara kafa dokar CROWN a 2019, wadda ta hana korar mutum daga aiki ko makaranta saboda kitso ko gashinsa na halitta. Fiye da jihohi 20 sun bi, majalisar wakilai ta tarayya ta amince da ita a 2022, amma ta maƙale a majalisar dattawa. Wannan doka ta shafi kasuwa kai tsaye, domin matar da ke tsoron a kore ta saboda kitso, man miƙar da gashi za ta saya. A watan Oktoban 2022 wani binciken cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, a kan mata sama da 33,000, ya gano cewa masu amfani da irin wannan man fiye da sau huɗu a shekara haɗarin kamuwarsu da kansar mahaifa ya ninka fiye da sau biyu, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na masu amfani da shi a binciken baƙaƙe ne. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta bayyana niyyar hana sinadarin formaldehyde a waɗannan kaya tun 2023, aka yi ta ɗage ranar. In kina da ƙuri'a, tambayi wakilinku matsayinsa a kan waɗannan biyun. In kina kwamitin iyaye a makarantar yara ko kina da ta cewa a wurin aiki, karanta ƙa'idar sutura ki ga abin da ta ce a kan gashi.

Ƙofar jari ma ana ƙara tura ta. Asusun Fearless Fund na Atlanta ya kasance yana ba mata baƙaƙe masu ƙananan sana'o'i tallafin dala 20,000. A 2023 wata ƙungiya ƙarƙashin Edward Blum, mai adawa da shirye-shiryen da ke duba launin fata, ta kai shi ƙara cewa hakan wariya ce, kuma a Satumban 2024 aka yi sulhu, aka rufe shirin. Tunda manyan hanyoyi suna toshewa, ƙananan sun ƙara muhimmanci. Dandalin Kiva yana ba mutum damar sa dala 25 cikin bashin da babu ruwa a kansa ga ƙaramin ɗan kasuwa a Amurka, abin da ya dace da wadda ke gudun riba. Ƙungiyoyin matanmu na adashi za su iya sa 'yar'uwa mai haɗa sabulu ko mai shirin buɗe shago ta yi ɗaukar farko. In kin iya lissafin kuɗi, ɗaukar hoto, cike takardun haraji ko rajistar kamfani, awa biyu na aikinki na iya fin sayen roba goma amfani, amma tambayi abin da take buƙata kafin ki yanke mata.

Daga nan sai ki sa wa kanki ranar bita, sau biyu a shekara. Agusta ya dace, tunda shi ne watan kasuwancin baƙaƙen fata a Amurka, sai kuma Fabrairu, watan tarihin baƙaƙen fata. Ɗauko jerin da kika rubuta a mataki na biyu, ki ga abu nawa kika sauya kuma nawa kika sake saye. Sake duba mallakar kowanne, domin tana juyawa ta kowane ɓangare: Carol's Daughter, wanda Lisa Price ta fara a kicin ɗinta na Brooklyn a 1993 kuma L'Oréal ya saya a 2014, ya fita daga hannun L'Oréal a 2025, ita Lisa Price ta dawo cikin masu shi. In wani daga cikin jerin ya rufe, nemi mai shi a shafukanta ki ga abin da ta koma yi, sannan ki cike gurbin da wani kafin robar da ke hannunki ta ƙare.